Garin Dutse a Madadin Takin Fotash: Yadda Ake Zaɓen Dutsen, a Tankaɗe Shi, a Kai Gona

Duk buhun kamfa yana ɗauke da lambobi uku a jikinsa, ko 15-15-15 ko 20-10-10. Ta farko ta naitirojin ce, ta tsakiya ta fosforas, ta ƙarshe kuma ta fotasiyam. Yuriya dai ana yin ta a Najeriya, a masana'antar Indorama da ke Eleme da ta Dangote da ke Lekki. Fosfat, wato takin fosforas, mafi yawansa daga Maroko yake zuwa. Fotash kuwa, wato takin fotasiyam, ba a haƙarsa a ƙasar ko kaɗan, sai an shigo da shi ta ruwa, kuma ƙasashe uku, Kanada da Rasha da Belarus, su ke fitar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da duniya ke amfani da shi. Da aka ƙaƙaba wa Belarus takunkumi a 2021, yaƙin Rasha da Yukiren kuma ya ɓarke a 2022, farashi ya yi tashin gwauron zabi. A 2022 ɗin ne Najeriya ta garzaya Kanada sayen fotash na gaggawa domin wanda ta saba samu daga Rasha bai iso ba.

Brazil tana cikin ƙasashen da suka fi jin wannan a jikinsu. Ga noman waken soya da masara da rake da kofi, amma fiye da kashi 90 cikin 100 na fotash ɗinta daga waje take saye, mahaƙa ɗaya tak gare ta a jihar Sergipe. Shi ya sa tun da daɗewa masanan ƙasar suka karkata ga duwatsun da ke gabansu: a niƙa dutse mai fotasiyam ya zama gari, a watsa a gona, ruwa da saiwa da ƙananan halittun ƙasa su ci shi a hankali. A 2013 ta yi dokar da ta amince da garin dutse a matsayin kayan noma, a 2016 ma'aikatar gonarta ta fitar da ƙa'idojin da garin zai cika kafin a sayar. Waɗannan ƙa'idoji su ne ma'auni mafi sauƙi ga duk wanda ke son gwada abin a ko'ina, kuma da su za mu yi aiki a nan.

Sai dai tun daga farko a fahimci abu guda. Fotash na buhu gishiri ne, da ruwa ya taɓa shi ya narke, shuka ta sha a makon. Dutse ba haka yake ba. Fotasiyam ɗin da ke cikinsa a ɗaure yake, kuma abin da ke fitowa a damina ɗaya ɗan kaɗan ne daga abin da takardar gwaji ta ce yana ciki. Wanda ya zuba garin dutse yana jiran ya ga ganye ya yi shar bayan kwana goma, kamar yadda yuriya ke yi, zai ce an cuce shi. Aikin na shekaru ne, kuma nasararsa ta rataya a kan irin dutsen da laushin garin da irin ƙasar da aka zuba shi.

Mataki na farko: tabbatar gonarka na neman fotasiyam

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a ƙasar Hausa ya fi kowanne nauyi. Gwaje-gwajen gona da aka sha yi kan masara a arewacin Najeriya sun nuna cewa naitirojin ne babban abin da ƙasa ke nema, sai fosforas. Fotasiyam shi ne na uku, a gonaki da yawa ma ko an cire shi amfani ba ya raguwa sosai. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙurar hunturu. Hazon nan da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi da sauran sassan Sahara yana sauke garin duwatsu mai laushi a kan gonaki kowace shekara, da fotasiyam da kalsiyam a ciki. Wato abin da manomin Brazil ke biyan kuɗi a niƙa masa, manomin Katsina da Damagaram yana samun ɗan rabonsa kyauta daga iska.

To wa ke da matsalar? Mai noman rogo, doya, dankali, dankalin Turawa, ayaba, rake, tumatir da albasa, domin waɗannan su ne masu cin fotasiyam da yawa. Sai mai jigawa da ruwa ke wanke ta. Sai wanda ya shekara da shekaru yana zuba yuriya zalla, yana kwashe kara da harawa kakaf bayan girbi. A hatsi, mafi yawan fotasiyam yana cikin kara ne, ba cikin tsaba ba, don haka duk amalanken karan da ya bar gona ya tafi da rabon baɗi.

Alamar da ido ke gani tana farawa daga tsofaffin ganyayen ƙasa. Gefen ganyen ne ke yin ɗorawa, sannan ya bushe ya yi ja-ja kamar wuta ta lashe shi, tsakiyar kuma tana nan kore. Rashin naitirojin akasin haka ne a masara: ɗorawar tana bin tsakiyar ganye daga tsini. Masarar da ta rasa fotasiyam karanta ba ƙwari, iska kaɗan ta kwantar da ita, goyonta kuma ba ya cika har baki.

Ido yana iya ruɗuwa, saboda haka a kai ƙasa gwaji. Ka zagaya gonar a karkace, ka ɗebi ƙasa daga wurare 15 zuwa 20, zurfin santimita 20, ka kauce wa gindin bishiya da tsohon juji da inda aka ƙona kara. Ka haɗa su a bokitin roba mai tsabta, ka cuɗa, ka shanya a inuwa, ka ɗauki rabin kilo. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da Jami'ar Bayero a Kano suna da ɗakunan gwajin ƙasa, a Nijar kuma akwai INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar. Abu biyu za ka nema: yawan fotasiyam da shuka ke iya sha, da tsamin ƙasa, wato pH. Idan fotasiyam ya gaza 0.15 zuwa 0.2 a ma'aunin da suke rubutawa cmol/kg, ƙasar na da buƙata. Idan ya haura 0.3, ajiye maganar dutse ka sa kuɗinka a yuriya da sufa, wato takin fosforas na buhu.

Tsamin ƙasa kuwa shi ke nuna ko dutsen zai ci. Ƙasar noman Brazil ja ce, tsohuwa, mai tsami, ga zafi ga ruwan sama mai yawa, kuma waɗannan su ne ke narkar da dutse. Inda pH ya gaza 6, wato ƙasar na da tsami, kuma damina ke kai wata biyar ko shida, kamar kudancin Kaduna, Filato, Neja, Nasarawa, Binuwai da Taraba, akwai fata. Haka lambun da ake ba ruwa rani da damina. Inda ruwan shekara bai wuce wata uku ba, ko ƙasar na da kanwa-kanwa, garin zai zauna ne shekara da shekaru bai ce komai ba.

Mataki na biyu: zaɓen dutse

A nan ne ake cin riba ko a yi asara, don haka bari mu ɗan daɗe.

Dutse haɗin ma'adinai ne, kuma fotasiyam yana zaune a cikin kaɗan daga cikinsu. Mafi yawa shi ne feldispa, ƙwayoyin nan masu ruwan hoda ko fari-fari da ake gani a dutsen giranait. Feldispa zalla yana iya ɗaukar kusan kashi 16 cikin 100 na K2O, wato ma'aunin da ake rubuta fotasiyam da shi a buhun taki. Lambar tana da daɗin ji, amma feldispa yana cikin masu taurin kai wajen narkewa. Sai baƙar maika, wadda masana ke kira bayotait: ɓawo-ɓawon nan baƙi mai ƙyalli da ake iya ɓantarewa da farce. Tana da kashi 8 zuwa 10, kuma fotasiyam ɗinta yana zaune ne tsakanin shimfiɗu kamar shafukan littafi, saiwa na iya zaro shi ba sai an rushe dutsen duka ba. Farar maika ba ta sakin nata da sauƙi. Sai nefelin, wanda bai kai feldispa yawan fotasiyam ba amma ya ninka shi saurin narkewa sau da yawa.

Ma'anar wannan ita ce dutse mai kashi 5 da ke cike da baƙar maika ko nefelin zai iya fin dutse mai kashi 10 da feldispa ne zalla. Gwajin da aka yi a Norway a kan ciyawar dabbobi ya nuna haka: duwatsu masu bayotait da nefelin sun ba shuka fotasiyam, masu feldispa kuwa abin da suka bayar bai taka kara ya karya ba. A yammacin Ostareliya an gwada garin giranait a kan alkama da ciyawa a ƙasa mai yashi, bai kama ƙafar fotash na buhu ba. Duk mai tallar garin dutse da ya nuna maka lambar K2O kaɗai, bai faɗi sunan ma'adinin ba, rabin labari ya ba ka.

A Brazil, waɗanda suka shiga kasuwa sosai su ne wani dutsen aman wuta da ake kira fonolait, na yankin Poços de Caldas, mai kusan kashi 8, da wani koren dutse mai laushi na yankin São Gotardo mai kusan kashi 10, dukansu a jihar Minas Gerais. Sai basalt, baƙin dutsen aman wuta. Shi fotasiyam ɗinsa kaɗan ne, wajen kashi 1, amma yana narkewa da sauri, yana ba da kalsiyam da maganiziyam, yana kuma rage tsamin ƙasa. Tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce aka gwada shi a gonakin rake na tsibirin Mauritius. Basalt gyaran ƙasa ne mai kyau; a kira shi takin fotash kuwa an yi masa ƙari.

A wajenmu abin da ya fi samuwa shi ne giranait da danginsa, domin su kamfanonin fasa dutse ke niƙawa a yi tsakuwar gini da ta titi. Giranait yakan ɗauki kashi 4 zuwa 5, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na jikinsa kwaz ne, farin ma'adinin nan mai kama da gilashi, wanda shi ne yashi, ba ya ba shuka komai. Idan za ka zaɓa tsakanin wuraren fasa dutse biyu, ɗauki wanda dutsensa ya fi duhu da yawan baƙin ƙyalli, ka bar fari tas mai walƙiya. Basalt akwai shi a tsaunukan Jos da Biu, duwatsun aman wuta iri-iri kuma sun cika tsaunukan Kamaru.

Waɗanda ba sa cikin lissafi: marmara da jar tsakuwa, domin ruwan dubban shekaru ya riga ya wanke su, dutsen yashi, dutsen siminti, wanda ke maganin tsami amma babu fotasiyam a cikinsa. Kanwa ma kada ta kusanci gona da sunan taki. Gishirin sodiyam ce, tana ƙone shuka ta daskarar da ƙasa.

Mataki na uku: a gwada dutsen kafin a saya

Ɗebi kilo ɗaya daga wurare daban-daban na tarin garin, ka kai a yi masa gwajin da ake kira XRF, mai nuna sinadaran da ke cikin dutse da yawansu. Ɗakin gwajin Hukumar Binciken Ma'adinai ta Najeriya da ke Kaduna da sassan nazarin duwatsu na jami'o'i ne wuraren tambaya. Kuɗin gwaji ɗaya ya fi ƙarfin ƙaramin manomi shi kaɗai, amma ƙungiya ko mutum goma da za su saya daga wuri guda sai su yi karo-karo.

Ka auna sakamakon da ƙa'idar Brazil. K2O kada ya gaza kashi 1. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta, mai neman madadin fotash da gaske ya nemi 4 zuwa sama. Idan aka haɗa kalsiyam da maganiziyam da fotasiyam, wato CaO da MgO da K2O, jimillar ta kai 9. Kwaz kada ya wuce kashi 25. Giranait da yawa a nan yake faɗuwa, kuma gara ka sani tun kafin tifa ta juye maka shi a bakin gona. Sannan guba: a kowane kilo, arsenik kada ya wuce miligiram 15, kadmiyam 10, zaiba 0.1, dalma 200.

Maganar guba ba ta wasa ba ce. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, sanadin niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje da injinan niƙan hatsi. Tarkacen mahaƙar zinariya ko ta dalma ba ya zuwa gona ko kyauta aka ba ka. Haka tarin yashin tsofaffin mahaƙun kuza na Jos, wanda ke ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin nukiliya. Duwatsu masu duhu sosai da kore-kore kuma sukan zo da nikel da kuromiyam da yawa, sai a sa ido a kan lambobinsu. Saya daga kamfanin fasa dutsen gini mai lasisi ya fi kwanciyar hankali, domin dutsensa iri ɗaya ne, an san inda ya fito.

Mataki na huɗu: laushi

Ruwa da saiwa daga fatar ƙwayar dutse suke ci. Duk lokacin da aka raba girman ƙwaya biyu, faɗin fatar da ke cikin kilo ɗaya ya ninka. Tsakuwa mai girman wake za ta fi ka daɗewa a duniya ba ta canja ba.

Ƙa'idar Brazil ta ce abin da za a kira gari dole dukansa ya wuce rariya mai ido milimita 2, aƙalla rabinsa kuma ya wuce mai ido 0.3. Ƙurar dutsen da ake sayar wa masu buga bulo ba ta kai nan ba. Mafi yawanta tsaki ne. Abin nema shi ne ƙurar da ke taruwa a ƙarƙashin injin da gefen bel, ko laka mai laushi da ke kwantawa a ramin da ruwan wankin tsakuwa ke zuba. Sau da yawa kamfanin ma neman mai kwashe ta yake.

Ga gwajin da ba ya cin ko kwabo. Murza garin tsakanin yatsu: wanda ya yi laushin garin tuwo shi ne taki, wanda ke ƙaiƙayi yashi ne. Ko ka zuba cokali uku a gorar ruwa, ka girgiza sosai, ka ajiye. Abin da ya kwanta a minti na farko shi ne mai kauri. Wanda ya bar ruwan a gurɓace ya sauka daga baya shi ne mai aiki. Idan kashi uku cikin huɗu ya faɗi nan take, kuɗin mota za ka biya wa yashi. Sai a tankaɗe da rariyar ƙarfe mai ƙananan ido tun a can, a bar tsakin ga magina.

Ƙurar kwaz tana kashe huhu. Tana shiga ta zauna, ta yi tabo, kuma ciwon ba ya warkewa. Ga shi yana buɗe ƙofa ga tarin fuka. Mai tankaɗe ya sa takunkumi na gaske irin N95, rawani ko ƙyalle ba ya tare ta. A yayyafa wa garin ruwa ya yi danshi kafin a taɓa shi, a tsaya ta inda iska ke fitowa, a yi aikin nesa da gida da yara. Injin niƙan hatsi da turmin daka ba na dutse ba ne.

Mataki na biyar: lissafi

Buhun fotash na kilo 50, wanda ake rubuta wa MOP, kashi 60 ne, wato kilo 30 na K2O. Kafin a sami wannan a takarda daga dutse mai kashi 8 sai kilo 375. Daga giranait mai kashi 4 sai kilo 750. Daga basalt mai kashi 1 sai tan 3. Hektar masara da aka ce a ba ta kilo 60 na K2O tana neman buhu biyu na MOP, ko tan ɗaya da rabi na giranait. Wannan kuwa a takarda ne, domin ba duka zai fito a shekarar farko ba, ko rabi ma ba lallai ba.

Shi ya sa masu wannan aiki kan fara da tan 2 zuwa 5 a hekta. A ƙaramin ma'auni, tan 2 a hekta daidai yake da giram 200 a kowace murabba'in mita, tan 5 kuma rabin kilo. Fili mai mita 10 tsawo da 10 faɗi zai ci kilo 20 zuwa 50. Eka ɗaya, kilo 800 zuwa tan 2. Mai dutse mai ƙarfi da laushi ya tsaya a ƙasa-ƙasa, mai giranait ya hau sama.

Sai ka zauna da biro. Kuɗin garin, kuɗin tifa, kuɗin tankaɗe, kuɗin masu watsawa, a gefe ɗaya; farashin MOP a kasuwarku a ɗaya gefen. Garin dutse kaya ne mai nauyi marar daraja, kuɗin mota ne ke kashe shi. Wanda gonarsa ke kusa da wurin fasa dutse yana da hujja. Wanda sai an yi masa tafiyar rabin yini da tifa, a ganina ya haƙura, ya tara toka da takin dabbobi.

Abin da ke gyara lissafin dutse shi ne daɗewa. MOP a jigawa, ruwa biyu masu ƙarfi sun isa su gangara da wani kaso nasa ƙasa da inda saiwa ke kaiwa, baɗi kuma sai an sake saye. Kusan rabin nauyinsa kuma kulorin ne, wanda taba da dankalin Turawa ba sa so da yawa. Garin dutse ba ya wankewa, ba ya ƙona iri, kuma zubi ɗaya yana ci gaba da aiki shekaru.

Mataki na shida: haɗa shi da takin gida

Garin dutse a busasshiyar ƙasa marar rai kusan kwanciya yake yi. Abin da ke cin sa shi ne tsamin da ruɓaɓɓen taki da saiwa da ƙwayoyin halitta ke fitarwa. A Indiya an yi aiki sosai a kan haɗa tarkacen maika da takin da ake ruɓarwa, da kuma wasu ƙwayoyin bakteriya masu sakin fotasiyam, har ana sayar da su a leda. Ba sai ka sayi komai ba. Kashin shanu da na kaji cike suke da masu wannan aiki.

Hanya mafi sauƙi ita ce turke. Kowane mako a barbaɗa garin mai danshi a kan shimfiɗar garke ko akurkin awaki, dabbobi su tattake shi da kashi da fitsari. Fitsarin dabba kansa yana ɗauke da fotasiyam mai yawa, wanda galibi yake tafiya a banza idan babu shimfiɗar da za ta riƙe shi.

Ko a yi tari. Shimfiɗa kara ko buntun shinkafa ko ciyawa kamar taƙi ɗaya, a bi da kashin dabbobi, a barbaɗa garin dutse, a yayyafa ruwa, a sake. Baro goma na taki, baro ɗaya na gari ya isa. Danshin ya zama idan ka matse a hannu ya dunƙule amma ruwa bai zubo ba. A rufe da kara ko tsofaffin buhuna, a juya duk mako biyu. Idan ka cusa sanda ka zaro ta da ɗumi, aiki na tafiya. Idan ta fito da sanyi a bushe, ƙara ruwa. Idan wari ya yi yawa ta yi caɓi, ƙara busasshen kara. Wata biyu zuwa uku ya nuna. Wanda ya fara tarin a watan Fabrairu zai same shi a shirye kafin ruwan shuka.

Mataki na bakwai: zubawa

Lokacinsa shi ne sharar gona, makonni kafin shuka, don ruwan farko ya same shi a cikin ƙasa. A watsa da safe kafin iska ta tashi, sannan a bi da garma ko fartanya ya shiga santimita 10 zuwa 15. Barin sa a sama asara ce, iska da ruwa za su kai wa maƙwabci. Mai yin huɗa ya zuba a tsohuwar kwari sannan ya rufe da sabuwar kunya, yadda saiwa za ta tarar da shi. Mai doya da rogo ya cuɗa shi cikin tulin ƙasar. Ayaba da mangwaro da lemo, a zuba a ramin dashe a gauraya da ƙasar sama, tsofaffin itatuwa kuma a zagaye su daidai inda inuwar rassa ta tsaya. Itatuwa da rake da lambu su suka fi dacewa da wannan taki, tunda saiwarsu na nan shekara da shekaru tana ci.

A shekarar farko kada a yanke fotash na buhu gaba ɗaya idan gwaji ya nuna ƙasar ta yi ƙaranci sosai. A ba da rabi, ko a cike da tokar murhu, wadda fotasiyam ɗinta ke narkewa nan da nan. Toka dai kada ta haɗu da yuriya a zubi ɗaya, tana korar naitirojin ya bi iska. A raba su da mako biyu. Garin dutse kuma ba shi da naitirojin ko ɗigo, fosforas ɗinsa ma ba abin dogaro ba ne. Yuriya da sufa suna nan a wurinsu.

Mataki na takwas: gwada a ƙaramin fili tukuna

Kafin ka zuba tan biyar, yanki gefe guda na gonar da ƙasarsa ta yi daidai, ka fitar da fangali biyar, kowanne mita 10 da 10, da ratar mita ɗaya a tsakani. Na farko babu fotasiyam kowane iri. Na biyu garin dutse kaɗai, kilo 40. Na uku takin gida kaɗai. Na huɗu takin gida daidai da na ukun, haɗe da garin dutse kilo 40. Na biyar MOP kilo ɗaya, wanda shi ne daidai da buhu biyu a hekta. Dukansu a ba su yuriya da sufa iri ɗaya, iri ɗaya za a shuka, rana ɗaya, noma ɗaya. Kada a sa kamfa, domin fotasiyam ɗin da ke cikinsa zai ɓata gwajin.

Fangali na uku shi ne alƙali. Mutane da yawa sukan haɗa dutse da kashin shanu, su ga gona ta yi kyau, su yaba wa dutse, alhali aikin shanu ne. Bambancin da ke tsakanin na uku da na huɗu shi ne kaɗai abin da dutsen ya ƙara. Idan kuma na farko da na biyar suka fito kusan ɗaya, gonarka ba ta neman fotasiyam tun asali.

A kafa turaku masu ƙarfi ko a dasa duwatsu a kusurwa, domin gwajin na damina uku ne a wuri guda, kuma ba za a ƙara garin dutse ba bayan zubin farko. Da kaka a girbe kowane fangali daban, a bar layukan gefe, a shanya, a auna da sikeli, a rubuta a littafi tare da adadin karan da ya kwanta. Idan maƙwabta biyu ko uku suka yi irin gwajin a nasu gonakin da gari ɗaya, sakamakon ya fi zama abin dogaro, don gona ɗaya tana iya yin abin da ta ga dama. Malamin gona na yankinku zai iya taimakawa wajen awon fili da sikeli.

Bayan damina ta uku a sake kai ƙasar fangali na uku da na huɗu gwaji, a duba fotasiyam da tsami. Idan na huɗu ya fi a sikeli kuma ya fi a takarda, sai a faɗaɗa zuwa sauran gonar, a riƙa ƙara tan ɗaya ko biyu a hekta duk bayan shekara uku ko huɗu gwargwadon abin da gwaji ya nuna. Wanda kuma ya ga riba har yana tunanin ɗura garin a buhu ya sayar wa wasu, ya sani cewa a Najeriya dokar kula da ingancin taki ta 2019 ta wajabta rajista kafin a sayar da kowane irin taki, sai ya fara da ofishin kula da taki na ma'aikatar gona da takardar gwajin dutsensa a hannu.